Karatun Bututu: Inda Ya Yi Kyau da Inda Ya Gaza

Kwanakin baya ɗan ƙanwata ya zo hutu nan Gwangwan daga wata makarantar koyon aikin injiniya a Kano, ya taho da wata takarda mai faɗi kamar tabarmar salla. Da la'asar sakaliya ya shimfiɗa ta a zaure, ya danne kusurwoyinta da 'yan duwatsu don kada iska ta ɗauke, ya duƙufa a kanta. Na leƙa, sai na ga layuka sun sarƙe kamar saƙar gizo-gizo, ga kuma 'yan da'irori barjat ko'ina, ko wace da haruffa biyu ko uku a sama, da lamba a ƙasa. Na ce a raina, ai haruffa ne, ni kuwa tun tuni na gama ajin yaƙi da jahilci har da takardar shaida. Na ɗora yatsa. Ta farko FT, ta biyu LIC, ta uku PSV. Harshena ya ƙi juyawa.

Na ce masa, "Kai, wannan wane irin karatu ne, baƙaƙe zalla babu wasali?"

Ya yi murmushi ya ce, "Kawu, wannan ba a jan bakinsa, kwance shi a ke yi kamar ƙulli."

To, daminar nan kaf na yi ta a kan kwance ƙullin nan. Yaron ya zauna da ni, muka bi littafin dokokin haruffan, yana karantawa da Turanci yana juya mini, ina tambaya har ya gaji. Abin da na gani shi ne zan shimfiɗa muku a nan, yabo inda ya cancanci yabo, zargi inda ya cancanci zargi.

Wataƙila wani ya ce, ina ruwan manomin Gwangwan da zanen bututu? Da ruwansa ƙwarai. A nan ƙasar Karaye a ke da madatsar ruwa ta Challawa Gorge wadda aka gama a 1992. Ruwan da a ke saki daga gare ta shi ne ke gangarawa ta kogin Challawa zuwa Kano, inda tun farkon shekarun 1930 a ke da gidan tace ruwa a bakin kogin. Akwai wani a Tamburawa. Akwai masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, inda samarinmu ke tafiya neman aiki da rani. Akwai matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980, da bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Duk inda ruwa ko mai ko gas ko tururi ke gudu a cikin bututu, a kan sami irin takardar nan, kuma a kan sami haruffan nan buge a jikin wani ɗan gwangwani rataye a wuyan ko wane geji da ko wane bawul. Yaron da ya iya kwance su shi a ke damƙa wa aiki. Wanda bai iya ba, ko da ya shekara goma a wurin, sai dai a ce masa, "Murɗa wancan," ya murɗa, bai san abin da ya buɗe ba.

Bari mu fara da asali. A 1945 waɗansu masu aikin ma'aunai a masana'antun Amurka suka haɗu a birnin Pittsburgh suka kafa ƙungiya, wadda a ke kira ISA a taƙaice. Damuwarsu ita ce ko wane kamfani yana da nasa alamomin, har ya zama in injiniya ya sake wurin aiki sai ya koma ɗalibi. A 1949 suka fid da dokarsu ta farko, ta alamomin ma'aunai a zanen bututu, mai lamba 5.1. An yi ta gyara ta, an sake ta a 1984, an kuma yi mata babban gyara a 2009. Yawancin ma'aikatun mai da gas na duniya ita su ke bi, ko wani abu da ya samo tushe daga gare ta.

Ginshiƙin dokar ba shi da wuya. Harafin farko yana faɗin abin da a ke aunawa. F gudun abin da ke cikin bututu ne, watau nawa ke wucewa a awa. L tsayin abin da ke cikin tanki, ya cika ne ko ya yi ƙasa. P matsi, irin wanda ka ke ji in ka toshe bakin tiyo da babban yatsa. T zafi. Waɗannan huɗu su ne manya, in ka riƙe su ka riƙe mafi yawan takardar. Haruffan da ke biye kuwa suna faɗin aikin da abin ke yi. I yana nunawa, da allura ko da lamba. R yana rubutawa ya ajiye. T yana aika labari nesa ta waya. C yana sarrafawa, watau yana kwatanta abin da ya samu da abin da a ke so ya ba da umarni. A yana kaɗa ƙararrawa. S makunni ne. V bawul ne. In aka ƙara H a ƙarshe, ya yi yawa ke nan, in L ce, ya yi ƙasa. Sabo da haka PI gejin matsi ne kurum, LAH kuwa ƙararrawar da za ta yi kuka in tanki ya kusa ambaliya.

Lambar da ke ƙasa ita ce ta fi burge ni. Duk ma'aunan da ke aiki ɗaya tare lambarsu ɗaya, kamar 'yan gida ɗaya. Ku duba mai ban ruwa a fadama. Ya sa yaro a bakin fangali yana kallo, yaron ya yi kira ya ce ruwa ya kai, uban ya ji, ya auna a zuciyarsa ko ya isa, sa'an nan ya sa fartanya ya toshe hanya. Mutum uku ke nan a aiki guda, mai gani, mai shawara, mai toshewa, ko da ya ke biyu daga ciki a jiki ɗaya su ke. Haka abin ya ke a tankin ruwa. LT-101 shi ne yaron, yana zaune a jikin tanki yana aika labari. LIC-101 shi ne uban, yana ɗakin lura, yana nunawa yana yanke shawara. LV-101 shi ne fartanyar. Ka ga 101 sau uku, ka san sha'aninsu ɗaya, ko da ɗaya yana gabas da takarda ɗaya yana yamma. Da'irar kanta ma tana magana. In babu layi a cikinta, abin yana can waje a jikin bututu, sai ka taka ka je. In layi ya ratsa tsakiyarta, yana ɗakin lura a gaban mai aiki.

Yabo na farko da zan yi wa masu dokar nan shi ne sun gane darajar gurbi. Mu da muka yi lissafi a ajin yamma mun san 2 da ke cikin 25 ba ita ce 2 da ke cikin 52 ba, gurbinta ya sake mata ƙima. Da wannan dabara suka sa haruffa 26 suka ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsu. T a gaba zafi, T a baya mai aikawa, sabo da haka TT ba in'ina ba ce, mai aika labarin zafi ne. L a gaba tsayin ruwa, L a ƙarshe ƙasa, sai LAL ta zama ƙararrawar tanki ya kusa ƙafewa. Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba. Mu ne mu ke rubuta baƙi mu nufi launi, mu rubuta baƙi mu nufi waɗanda suka sauka gidanmu, mu rubuta baƙi mu nufi harafi, mai karatu kuwa ya gane daga abin da ke kewaye. Malamanmu na da ma sun san harafi ya kan ɗauki abin da ba sautinsa ba. A ramzin da su kan rufe waƙa da shi, shin dubu ne, ra ɗari biyu, wanda ya san hisabi ya karanta shekara, wanda bai sani ba ya ga kalma marar ma'ana.

Yabo na biyu ya fi na farko nauyi, kuma shi ne wurin da na fi daɗewa kafin in yarda. Dokar ta ce a raɗa wa abu suna bisa ga aikin da a ke nema gare shi, ba bisa ga ƙirarsa ba. Ga misali. Hanya mafi sauƙi ta sanin gudun ruwa ita ce a sa faifan ƙarfe mai huda a tsakiyar bututu, a auna matsi kafin hudar da bayanta. In ruwan ya ƙara gudu, bambancin matsin ya kan ƙaru. To, abin da ke auna wannan, a ƙirarsa ma'aunin matsi ne. In ka saye shi a kanti sunan da ke kwalinsa ke nan. Amma a takarda FT za a rubuta, domin ba matsi a ke bukatar sani ba, gudu a ke bukata. Haka in aka ɗaura gejin matsi a gindin tanki don a san zurfin ruwa daga nauyinsa, LI ne sunansa. Har wa yau, bawul ɗin da ke rage gudun ruwa don kada tanki ya cika, LV ne, ba FV ba, ko da ya ke gudu ya ke taɓawa. An kira shi da abin da ya ke tsaro, kamar yadda mu ke cewa makiyayin shanu, ba mu cewa mai riƙon sanda.

Da fari na yi gardama. Na ce wa yaron, ai wannan ruɗa makaniki ne, ya je da nufin ganin abu kaza ya tarar da wani. Amma da na yi tunani sai na ga gaskiyarsu. Ƙira tana sakewa. Yau a auna zurfin tanki da matsi, gobe a cire a sa mai aika amo ya dawo, jibi wani sabon abu ya fito. In suna yana bin ƙira, duk ranar da aka sake kaya sai a sake takarda, da gwangwanin wuya, da abin da ke kan ma'aikata. In yana bin aiki kuwa, LT-101 yana nan LT-101 shekara talatin. Kuma mai aiki da tsakar dare, ƙararrawa na kuka, ba ya bukatar sanin yadda cikin abin ya ke. Abin da ya ke so ya sani shi ne me ya ɓaci, zafi ko matsi. Wanda ya tsara wannan doka ya taɓa kwana a bakin aiki.

Yanzu sai zargi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Dukan ginin nan a kan harshen Ingilishi aka aza shi. Ɗan Ingila ko Ba'amurke ba ya haddace cewa F gudu ne, L tsayi, P matsi, domin haruffan farko ne na kalmomin da ya tashi da su tun yana goyo. Shi tunatarwa ce a gare shi, mu kuwa hadda ce. Ba wani abin da ya haɗa P da matsi a kan Bahaushe. Abin ma ya wuce nan. Ku ɗauko littafin farko da aka koya mana karatu da shi, ku ƙirga haruffan. Babu P, babu Q, babu V, babu X, domin harshenmu ba ya bukatarsu. Ga shi kuwa P da V su ne suka fi yawo a takardar nan, kuma PSV, watau bawul ɗin da ke buɗewa da kansa in matsi ya yi yawa don kada tukunya ta fashe, shi ne abu mafi girman haɗari a ma'aikata, biyu daga haruffansa uku baƙi ne a wurinmu. A baki ma akwai matsala. Da yawanmu P da F sauti ɗaya mu ke fid da su. To, ku ɗauka ana magana ta wayar oba-oba cikin rugugin inji, wani ya ce a duba PT-205, mai saurare ya ji FT-205. Dukansu biyu suna iya kasancewa a bututu ɗaya, taku uku tsakaninsu. Littafin bai san da wannan ba, don ba da mu aka rubuta shi ba. Ba na cewa mugunta ce. Mutanen 1949 ma'aikatun ƙasarsu su ke gyarawa. Amma ƙungiyar tun 2008 ta sake suna ta ce ita ta duniya ce, wanda kuwa ya ce shi na kowa ne dole a tambaye shi abin da ya tanadar wa kowa.

Ko a Ingilishin ma dabarar ba ta kai ƙarshe ba. Haruffa sun ƙare musu. Matsi ya riga ya kama P, sai aka ba ƙarfin lantarki J, aka ba lokaci K domin zafi ya cinye T, aka ba matsayin bawul Z. Wannan ba na ɗauke shi babban laifi ba. Ko wane manomi a ƙasar Rogo ya san buhun taki mai NPK, ya san na 15-15-15, bai damu ba cewa K ɗin nan daga wani tsohon suna na Latin ta fito, wanda Baturen Ingila ma ba ya faɗa a bakinsa. Abin da aka saba da shi ya kan zauna.

Laifin da ba na yafewa shi ne na haruffan da aka bari sake. A gurbin farko, C da D da G da M da N da O dokar ta ce mai aiki ya ba su ma'anar da ya ga dama, muddin ya rubuta a shafin bayani. A tsofaffin bugu waɗansunsu suna da ma'ana tsayayya, D kaurin abu, M laima, daga baya aka kwance su. Haruffa shida cikin 26, kusan rubu'i ke nan, ban da X da aka ajiye wa duk abin da ya rasa gida. Dokar da aka kafa don ko wane kamfani ya daina yin nasa, ita ce kuma ta buɗe ƙofa shida ta ce ko wane kamfani ya yi nasa. Masu kāre ta za su ce ai sana'o'i sun bambanta, mai yin sukari da mai tace mai ba abu ɗaya su ke aunawa ba, dole a bar musu fili. Na ji wannan, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai sun dogara ga shafin bayani, shafin bayani kuwa shi ne na farko a cikin daurin takardu, shi ke shan hannu, shi ke fara yagewa, shi gara ke fara ci. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon littafi ya san bango da shafin farko su ke riga tafiya.

Sa'an nan dokar Amurka ba ita kaɗai ce a duniya ba. A tsarin da Jamusawa suka daɗe suna bi, da wanda hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta fitar a 1977, Q a gaba tana nufin ingancin abu, watau binciken abin da ke cikin ruwa, kamar tsaminsa ko gishirinsa. A tsarin ISA kuwa wannan aikin A ne, Q adadi ce. Tashoshin lantarki da yawa ma wani tsari dabam su ke bi, mai dogayen lambobi, wanda a ke kira KKS. Wannan ya fi damunmu bisa ga waɗanda suka rubuta dokokin, domin ma'aikatunmu ba hannu ɗaya ya gina su ba. Kamfanin Chiyoda na Japan ya gina matatar Kaduna. Julius Berger, wanda asalinsa na Jamus ne, ya yi aikin madatsar Challawa. Mutanen Sin suka gina matatar Damagaram da aka buɗe a 2011, inda 'yan'uwanmu masu karatun Faransanci ke aiki. Bahaushen da zai yi yawon aiki tsakanin irin waɗannan wurare, kada ya taɓa ɗauka harafin da ya sani jiya shi ne na yau sai ya ga shafin bayani da idonsa.

To, tun da haka ne, me zai hana mu yi namu? Wani malamin makaranta da muka yi zancen da shi a kasuwa ya ce ai abin da sauƙi, a sa G gudu, M matsi, Z zafi, C cika. Ya kawo hujja mai ƙarfi. Ya ce magabatanmu da suka ga haruffan Turawa ba su ishe mu ba, a shekarun 1930 aka lanƙwasa wa b da d da k kai aka sami ɓ da ɗ da ƙ, ga shi har yau muna cin moriya. Maganarsa ta yi mini daɗi a kunne, amma ban bi shi ba. Haruffa masu lanƙwasa an yi su ne don Bahaushe ya rubuta wa Bahaushe. Takardar bututu kuwa wasiƙa ce tsakanin mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba, wanda ya zana a wata ƙasa, wanda ya ƙera kayan a wata, wanda ya ɗaura, da wanda zai zo gyara bayan duk sun mutu. In muka sa Z ta zama zafi, ranar da baƙon injiniya ya zo zai karanta ta matsayin bawul. Yaronmu kuma sai ya ɗauki hadda biyu maimakon ɗaya, ya riƙa juya su a kansa a lokacin da babu sararin juyawa. Mun ƙara tsari na huɗu ke nan a kan ukun da mu ke kuka da su. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da ya kamata a juya zuwa Hausa shi ne mabuɗin, ba haruffan ba. Shafi ɗaya ya isa, harafi a hagu, ma'anarsa da Hausa a dama, a buga da manyan baƙaƙe a manna a ƙofar ko wane ɗakin lura da ko wane gidan famfo. Littafin dokar da Turanci ya ke, da dalar Amurka a ke sayensa, lebura ba zai taɓa riƙe shi ba, amma abin da ya ke bukata daga ciki bai wuce haruffa goma sha biyar ba. A jikin gwangwanin wuyan bawul akwai fili a ƙarƙashin lamba, ba abin da zai hana a buga "bawul na tsaron matsi, kada a taɓa". Maganar P da F kuwa, sai ma'aikata su yi abin da masu jirgin sama da sojoji su ke yi, su ba ko wane harafi kalmar kira da ba ta ruɗuwa, su kuma saba da maimaita umarni kafin hannu ya kai ga ƙarfe. Mutumin da ya iya gane KMC da FGE a lambar mota tun daga nesa, ya ce wannan ta birni ce waccan ta Fagge, ba zai kasa riƙe LAH ba in an taɓa gaya masa.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi dukan na baya nauyi, ko da ya ke rabinta ba laifin littafin ba ne, laifin amincewar da mutane su ke yi masa ne. Harafi yana faɗin abin da aka nufa abu ya yi. Ba ya faɗin ko yana yi.

Ran 28 ga Maris 1979, a tashar lantarki ta nukiliya da ke Three Mile Island a Amurka, wani bawul na rage matsi ya buɗe kamar yadda ya kamata, amma ya ƙi rufewa. A ɗakin lura akwai 'yar fitila da ma'aikata su ke kallo don sanin halinsa. Fitilar ta nuna musu ya rufe. Ashe ba matsayin bawul ɗin ta ke nunawa ba, umarnin da aka aika masa ta ke nunawa. An ce ya rufe, ita kuwa ta shaida an ce. Ruwan sanyaya tukunyar ya yi ta zuba fiye da awa biyu kafin wani ya farga, har wani sashe na cikin tukunyar ya narke. A nan sai in sake sara wa masu haruffa, domin a tsarinsu akwai bambanci tsakanin abin da ke nuna umarni da abin da ke nuna inda bawul ya tsaya a haƙiƙa, wanda a ke fara sunansa da Z. Aike dabam, isar da saƙo dabam. Amma bambancin nan a takarda ya ke, mutumin da ke gaban fitila haske kurum ya ke gani.

Na biyu ya fi muni. Ran 23 ga Maris 2005, a matatar mai ta Texas City, ana cika wata hasumiya mai tsawon ƙafa 170. Akwai mai aika labarin tsayin mai, akwai ƙararrawar cika ta biyu don ko-ta-kwana, akwai kuma gilashin leƙe a jikin hasumiyar. A takarda ka ga LT, ka ga LAH, ka ga LG, sai ka ce tsaro uku, me zai faru? Mai aika labarin ƙasan hasumiyar kaɗai aka yi shi ya auna, yana nuna ƙasa da ƙafa 10, har ma yana nuna man yana raguwa, alhali ya haura ƙafa 150. Ƙararrawa ta biyu ba ta yi kuka ba. Gilashin ya yi dauɗa ba a ganin kome. Man ya yi ambaliya, ya kama wuta, mutum 15 suka mutu, kimanin 180 suka ji rauni. Ba harafi ɗaya da aka rubuta ba daidai ba.

Irin wannan, ƙarami, na taɓa gani da idona a wani gidan famfo da ba zan faɗi sunansa ba. Na raka wani abokina mai gadi, na ga geji rataye da gwangwaninsa, an buga PI da lamba tsaf, allurarsa kwance a kan sifiri, inji kuwa yana ta ruri ruwa na tafiya. Na tambaya, aka ce ai tun bara ya mutu, da tafin hannu su ke jin bututun. A bangon ɗakin ga takardar zane a cikin gilashi, ta yi ja don tsufa, tana nuna famfo biyu. A ƙasa famfo uku na ƙirga. Wanda ya ƙara na ukun bai ƙara shi a takarda ba, ya kuwa yi ritaya. A lokacin ban san abin da na ke kallo ba, sai daminar nan na tuna. Littafin dokar ya ɓata shafuka masu yawa a kan siffar da'ira da irin layin da za a ja, mai ɗigo-ɗigo na lantarki, mai 'yan karce na iska, amma wanda zai ɗauki jan biro ya gyara takarda ranar da aka sake bututu, wannan ya bar wa mai ma'aikata. A ƙasar da a ke da kuɗin gyara da masu bincike, barin nan ba shi da yawan illa. A wurinmu, inda injin ya kan fi wanda ya ɗaura shi tsawon rai, nan ne ramin ya ke.

Ana gobe yaron zai koma Kano na sa ya sake shimfiɗa takardar. Na zaɓi wata da'ira da ban taɓa tsayawa a kanta ba, PDAH-310. Na ce P matsi, D da ke biye da ita bambanci, A ƙararrawa, H ya yi yawa. Na bi layin da yatsa, na tarar ƙafafunta biyu sun dafa gaba da bayan wata matata ta yashi. Na ce, "Wannan ita za ta yi kuka in matatar ta toshe, ruwa ya taru a baya ya kasa wucewa."

Ya ce, "Haka ne, Kawu."

Na ce, "To, in ka fara aiki, ka tambaye su yaushe rabon da a ji kukanta."

Ya naɗe takardar ya ɗaure da zare. Mabuɗin da muka rubuta tare da Hausa, haruffa goma sha bakwai a bayan wata tsohuwar kalanda, ya kwafi ɗaya ya tafi da shi, ɗayan yana nan manne a bangon zaurena.